Azumin Malam Shitu a Reykjavik

La'asar ta yi sanyi a unguwar Tremont, Muniratu na auna wa wata mata garin rogo a shago, sai wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne, Malam Shitu. Jiya ta sa shi jirgi zai je ganin jikokinsa a Jamus, da tikiti mai araha wanda ke yada zango a Reykjavik, babban birnin Iceland. Jirgi na biyu ya tashi ya bar shi, kamfanin ya kai shi otal a cikin gari sai gobe.

"Munira, garin nan ba lafiya ba," in ji shi. "Ƙarfe tara na dare ya wuce, rana na nan tsaye kamar an kafe ta da ƙusa."

"Baba, ka sha ruwa?"

"Da wace magariba? Na fita neman masallaci, titi tsaf, shiru kamar gidan makoki, kowa ya wuce ba sallama. Na ɗauki gorar ruwa in ajiye, da na ga kuɗinta na mayar musu da abinsu. A garinmu Kumasi wannan kuɗin cefanen gida ne."

Muniratu ta ajiye ma'aunin. Watan azumi ne, tsohon yana da ciwon sukari, rabonsa da abinci tun sahur a cikin jirgi. Ta duba a waya: can rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare.

"Hannuna ne ke ɗan karkarwa," ya ƙara. "Zufa kuma, ga sanyi."

Ta san wannan zufar. Bara ita ta kayar da shi a bakin masallaci. Ta kuma san cewa in ta ce ya karya, gardama zai hau. 'Ya ba ta ba malami umarni, balle ubanta.

Ta dafa teburin shago, ta sassauta murya. "Malam, ga wata mata nan a shago da tambaya. Wai babanta matafiyi ne, ga ciwo, ya ƙi karya azumi. Mene ne hukuncinsa?"

"Ai wannan a fili yake. Allah ya yi masa rangwame, ya ci, ya rama daga baya. Mai ƙin kyautar Ubangiji..."

Ya yi shiru.

"Baba? Baba, kana ji na?"

"Ki ce wa matar nan ta cika wayo."

"Za ta ji. Akwai dabino a aljihun kwat ɗinka na ciki. Ruwan famfonsu kuma kyauta ne."

Ta ji motsin leda, sannan bisimilla a hankali. Mai sayen garin rogo na ta ƙwanƙwasa tebur, Muniratu ba ta ko waiwaya ba, sai da ta ji yana tauna.