Inabin Ni'imatu

Alhaji Aƙilu ya dawo Sakkwato da ƙafafu duk faso, kamar ƙasar fadama da rani, da ɗan itacen inabi a cikin fasasshiyar tukunya. Matarsa Ni'imatu ba ta dawo ba.

Sun bar gari ne tare da masu gudu gabas a shekarar da Nasara suka shigo, suka yi ta tafiya har Allah ya kai su Makka. A wani gari na kan duwatsu da ke kusa da can, inda Aƙilu ya yi aikin lambu, Ni'imatu ta fara ɗanɗana inabi, ta kuwa rantse sai ta ga ya yi 'ya'ya a tsakar gidansu na bayan Hubbare. Ita ta yi renon reshen duk hanyar dawowa. Inda damina ta tsare su sai ta dasa shi, in za su tashi ta yanki sabon reshe mai ido, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da za ta sha ma raba shi take yi da shi. A ƙasar Wadai zazzaɓi ya ɗauke ta. Aƙilu ya rufe ta, ya ɗauki tukunya, ya ci gaba. Ba ɗa, ba jika. Abin da hannunta ya bari a duniya ke nan, kuma burinsa bai wuce ya ga nonon inabi ya sauko daga rumfar gidan ba.

Itacen ya kama, ya fara hawan rumfa. Sai labari ya fita cewa akwai icen da aka kawo daga ƙasa mai tsarki. Ana yawan faɗa mana cewa mutanen da sun fi mu sanin girman abu mai albarka. To, ga yadda suka girmama wannan. Duk wanda ya zo ziyara Hubbare daga ƙauye sai ya biyo ta gidan Alhaji. Wannan ya tsinki ganye don mai naƙuda, wancan ya karyi reshe don ciwon ido, tsofaffi su durƙusa su ɗebi ƙasar gindin su ƙulle a bakin zane. Aƙilu yana kallo, amma ta wane baki Alhaji zai hana baƙo albarka? Kafin damina ta zagayo saiwa ta fito fili. Itacen ya bushe a tsaye.

Mani mahauci, abokinsa tun suna yara, shi ya same shi zaune gaban busasshen icen.

"Kai dai, Alhaji! Mutum ya tai Makka ya dawo, ya zamna shina makokin icce?"

"Ba icce na ba, Mani."

"Na sani. To tashi. Mutanen ƙauye ba su yar da komi. Cikin waɗanda sunka kakkarya shi ba a rasa wanda ya soka nashi ƙasa. Bi su ka gani."

"Da wace ƙahwa?"

"Da tawa," in ji Mani. Ya shiga zaure ya turo wani baƙin keke da ya karɓa a hannun wani akawu da aka mayar kudu. A lokacin kekunan da ke cikin birni ba su cika yatsun hannu ba.

Koyon hawan ya zama abin kallo a unguwa. Aƙilu ya tattare babbar riga ya ɗaure a ƙugu, ya taka, ya nufi jakin masu ruwa kai tsaye.

"Birki, Alhaji! Birki!" Mani yana ihu yana riƙe da ciki. "Ka ƙetare teku lahiya, ga ka kwance gaban jaki!"

Da ya gwanance da hawan, ya fita da sassafe. Ya ɗora keken a jirgin fito ya haye gulbi, ya wuce Kwalkwalawa, ya kama hanyar tuddai. Ƙasa ce mai kyau, in mutum yana da zuciyar kallo. Tudun jan dutse ya miƙe, ka tura keke kana haki, ka kai ƙoli sai ga tafki shimfiɗe a ƙasa, bakinsa kewaye da lambunan albasa da rake da taba, jigo yana sunkuyawa yana ɗagowa da guga. A gangare iska takan cika masa riga har ya ji kamar ba shi da nauyi. Sau ɗaya ya kama kansa yana dariya, sai ya tuna wadda ya kamata ya ba labarin, dariyar ta tsaya. Ƙaya ta huda tayar baya tun a yinin farko. Ya cusa mata tsumma da ciyawa, ya ci gaba, kowane dutse yana dukansa har ƙashin baya.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutane. Ya san fuskokinsu, wasu sun sha ruwa a gidansa. Amma da ya doshi gari sai mata su shige, maza su tsaya nesa suna kallon keken, ba shi ba.

"Ina neman iccen inabi, wanda anka karyo daga birni."

"Ba mu san shi ba, ranka shi daɗe."

Ranka shi daɗe, shi da ko akuya bai mallaka ba! A wani gari ya ga rami a bayan masallaci, sabuwar ƙasa a gefensa, an kewaye shi da ƙaya kamar yadda ake kare dashe daga awaki. Ya tambaya, aka ce kaji ne suka tona. A gari na gaba ma rami, har da 'yar rumfar kara a kansa, ba abin da ke hawanta. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce a ransa gara ce take cin su, ya ƙara sauri.

Wani masunci ne, wanda ya same shi zaune a bakin tafki, keken yana jingine a bayan ciyawa inda ba a ganinsa, ya yi masa magana kamar mutum.

"Inabi? Tai Gidan Dodo, can ƙarshen ruwa. Akwai wata tsohuwa Balaraba. Nata ya hau bisa darni, har ya yi hure, na gani da idona."

Aƙilu bai tsaya sallama ba. Hanyar ta bi bayan tudu mafi tsawo a yankin, ya kwana a gindinsa, da gari ya waye ya tura keken har sama. Daga can ya hango 'yan bukkoki a bakin ruwa. Ya saki birki. Ya gangaro yana kaɗa ƙararrawa don murna, riga tana tashi a bayansa. Daga gindin tudun hanya ta kewaye fadama, bai isa garin ba sai da rana ta take.

Ya tarar da tsohuwar zaune a ƙofar gida, hannuwanta duk ƙasa. A jikin darninta akwai siraran zaren da inabi ke kama abu da su, sun naɗe kara, an tsinke su. A ƙasa rami ne, har yanzu da danshi.

"Inna, ina iccen?"

"Wane icce, ranka shi daɗe?"

Ya saki keken ya faɗi. Ya durƙusa a bakin ramin, ya sa hannu ya zaro 'yar farar saiwa kamar gashi.

"Inna, ni na Aƙilu. Ni na kawo shi daga gabas. Gidana kinka karye shi, bayan Hubbare, da wata ɗiya a bayanki mai tari."

Balaraba ta matso, ta ƙura masa ido, ta dubi keken, ta sake dubansa. Sai ta dafe kai.

"Wayyo ni! Alhaji, mi ya kai ka hawan dokin Nasara?"

Nan ta faɗa masa abin da duk yankin ya sani, ban da shi da ya daɗe a gabas, ban da Mani ɗan birni. Ba mai zuwa ƙauye a kan keke sai manzon Bature, mai ƙidayar gonaki da shanu. Tun ranar da ya haye gulbi labari ke tafiya a gabansa, daga lambu zuwa lambu, cewa Nasara sun ji labarin icen Makka, sun aiko a tattaro musu shi. Duk garin da ya dosa sai a tumɓuke kafin ya iso.

"Nawa kam nah hana a tumɓuke," in ji ta. "Nac ce sai na gani da idona. Yau da hantsi munka ji ƙararrawa bisa tudu."

"Ina kunka kai shi? In da reshe mai ido, ko guda, shina kamawa."

Ta kai shi bayan gida. Mata suna zaune kewaye da murhu. Sun yanyanka itacen guntu-guntu kamar gaɓar yatsa don kowane gida ya samu, sun zuba a kasko suna gasawa don ya bushe da wuri a ɗinke shi a fata a yi laya. Aƙilu ya sa hannu cikin kaskon, bai ji zafi ba. Ya riƙa ɗaukar guntayen ɗaya bayan ɗaya yana kankarewa da farce. Babu kore a ko ɗaya. A gefe, cikin toka, ga 'yan ƙwayoyi kamar gero, nonon da ya fara ƙullawa.

Ɗaya daga cikin matan ta zaɓi guntun da ya fi girma ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yi haƙuri, Alhaji," in ji Balaraba a hankali. "Ko ba komi, Nasara ba su samu ko ganye ba."

Ya karɓa, ya yi godiya, don haka aka koya masa. Ya fita ya ta da keken. Bai hau ba. Ya kama shi ta ƙaho ya fara tura shi sama, tsumman tayar baya ya zazzago yana jan ƙasa, kuma tudun ya fi yadda ya bar shi tsawo.