Harsashi a Kan Madubi

Shekara arba'in da ɗaya ina auren Eleuterio, shekara arba'in da ɗaya kuma ina jin haushin injin ɗura harsashin da ya kafe a ɗakin ajiya. Duk Asabar yana can: ya wanke kwanson da aka harba, ya sa sabuwar hula a gindi, ya zuba albarushi, ya matse. Amma gaskiya ɗaya ce, a ƙungiyar maharban garinmu ba a taɓa jin harsashin Eleuterio ya ƙi tashi ba. Da wannan yake taƙama, ni ma a ɓoye ina yi.

Sai bara, a gasar watan Mayu, ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas, shiru. Har sau uku. Anselmo Bressan, abokin hamayyarsa tun suna samari, ya ɗaga murya.

"Tsoho, harsashin ne ya tsufa ko mai shi?"

Shugaban ƙungiya ya ja mijina gefe ya ce in aka sake haka a gasa ta gaba, sai dai ya sayi na kanti kamar kowa. Ga Eleuterio, gara ya bar harbin gaba ɗaya.

Ita hular nan 'yar mitsitsiya ce, ita ke kama wuta in ƙarfen bindiga ya buge ta. So ake ta ɗan shige ciki kamar kaurin takarda. In ta turo waje, bugun sai ya ƙare a tura ta. Akwai noti a jikin injin da ke tsayar da ita daidai, amma mijina bai taɓa kula shi ba. Shafawa yake yi, yana cewa yatsa ya fi noti hankali.

Ana saura mako biyu gasar bana, na kai masa ruwan zafin shayinmu na mate, sai na ga ya kama jikin butar, ba mariƙinta ba, ko gezau bai yi ba. Ashe ciwon suga ya cinye masa jin yatsu, shi kuwa ya ɓoye.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun yaushe me? Ke dai kin cika sa ido, Nelida."

Na ɗauko madubin ɗakin ɗinkina na kwantar a tebur, na jera harsashinsa ashirin a tsaye. Bakwai suka riƙa rawa kamar teburi mai gajeriyar ƙafa. Ya daɗe yana kallonsu, na ji tausayinsa har ya so ya fi ƙarfina.

"Ɗauko sifana," na ce. "Shekara talatin ina gane kaurin zare ido rufe. Kai ka murɗa, ni in shafa."

Ya murɗa kaɗan, ya sa hula a kwanso marar albarushi, ya miƙo.

"Saura."

Ya ƙara.

"Saura dai."

"Tsohuwa, gyara kike ko ramuwa?"

"Duka biyun. Murɗa."

Ya murɗa da fushi, hula ta nutse kamar cibiya. Ya koma baya yana gunaguni. A karo na shida na ji ɗan gangaren nan ƙarƙashin yatsana, na ce nan ne. Ya ɗaure notin tam, ni kuma na ɗiga masa jan farcena don in ya motsa mu gani. Muka ɗura arba'in, duk suka tsaya cak a kan madubi.

Ranar gasa na zauna cikin matan da ke haɗa abincin rana, wuƙa a hannu, kunne a fili. Ban damu da nawa ya kayar cikin ragunan ƙarfen da ake harbi ba, ƙara kawai nake ƙirgawa. Arba'in cif, ba ƙyas ko ɗaya. Na bakwai ya zo, amma ya taho yana tafiya kamar shi ya ɗauki kofin.

Anselmo ya tare shi a bakin gashin nama. "Ashe hannun ya dawo?"

"Bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba," in ji Eleuterio, a gaban kowa. Ya kamo hannuna mai warin albasa ya ɗaga sama. "Ga wanda ya yi aikin. In ka isa, nemo irinsa."

Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Asabar da ta biyo na leƙa ɗakin ajiya, na tarar ya ajiye kujera ta biyu kusa da injin.