Waƙar da Ta Zo ta Ɗaya

Wayar tana kan cinyar Ghada kamar garwashi. A fuskar wayar wani Bature ne mai dogon gashi, rungume da jita, cikin hoton da launinsa ya koɗe.

A ɗaya ɗakin, kakarsu Sitti Ɗaso tana kwaɓa lallen bikin Suhaila, yayar Ghada, tana rera abin da ta saba. Waƙar ba ta da kalmomi, da hanci ake yin ta. Duk wanda aka haifa a wannan gida na unguwar Mansur a Makka, da ita aka rarrashe shi. Sitti takan ce mijinta marigayi Abdulganiyyu ne ya ƙago mata ita tana amarya, zamanin da yake jan tasi tsakanin Jidda da Makka. Jibi kuma, a gaban matan biki, ta yi niyyar rera wa Suhaila, ta faɗi wanda ya yi ta.

Marwan, wan Ghada, shi ya jawo. Cikin wasa ya kara wayar a bakin ƙofar Sitti, manhajar gane waƙa ta saurara, ta fito da Baturen.

"Duba nan," ya ce wa Ghada yana danne dariya. "Ta ɗaya a Amurka, ta ɗaya a Ingila, makonni ba a ture ta ba. Ashe a rediyon mota tsohon ya tsince ta!"

"Yaya, don Allah rage murya."

"Ke kuma sai ki bari ta faɗa a gaban dangin ango? 'Yan Jidda ne fa. Gwaggo ɗaya ta gane ta, halas, shi ke nan, mun zama labari."

Ya saka takalmi ya tafi masallaci, ya bar ta da wayar.

Ghada ta tashi, ta zauna. Ta buɗe littafi, layukan suka ƙi tsayawa. Ta leƙa taga: masu sayar da kilishi suna ta shimfiɗa kaya, motar mahajjata ta toshe lungu, ana ta hon. Ta je ƙofar ɗakin Sitti ta dawo. Ta sake zuwa.

"Ke, shigo ko ki tafi," in ji Sitti. "Kin ishe ni da sintiri kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Ghada ta durƙusa gefen kwanon lalle. Bayanin da ta shirya ya gudu. Sai kawai ta danna wayar, ta kunna waƙar.

Jita ta fara a hankali, sannan muryar namiji, mai taushi. Hannun Sitti ya tsaya cikin kwano.

"Wane ne wannan?"

"Wani mawaƙi ne, Sitti. Tun kafin aurenku ya yi ta. Ta yi tashe sosai. Ita ce ta ɗaya a ƙasashensu."

"Mutum nawa suka ji ta?"

"Miliyoyi."

Sitti ta zare hannu daga kwano, ta zuba wa bango ido. Lalle yana ɗiga daga yatsunta zuwa tabarma, ba ta kula ba.

"Me yake cewa?"

"Yana roƙon wata kada ta tafi."

"Kakanku ko gaisuwa bai iya da Turanci ba," ta ce a hankali, ba da Ghada take ba. Can ta nuna wayar da haɓa. "Mayar da ita baya."

Ghada ta mayar. Sitti ta runtse ido, tana bi da kai. A tsakiya ta tsuke baki.

"Nan ya yi gaggawa. Shi kakanku a nan yake tsayawa ya ja numfashi, ya dube ni."

"Sitti... jibi fa? In wata ta gane?"

Tsohuwar ta mayar da hannu cikin kwano, ta ci gaba da kwaɓi.

"Jibi zan yi ta yadda aka yi mini. Wadda take son ta Bature, ai tana da waya."