Muryar Alhaji Bawa

A tashar manyan motoci ta Gaya, babu wanda bai san muryar Alhaji Bawa ba. In ya ƙwala wa direba kira a bakin gada, mutane kan ce har Malanvil, can ƙetaren kogi, an ji. Da wannan muryar ya yi wa ƴarsa Rahinatu faɗa ranar da ta ce za ta Yamai ta koyi tsara manhajar ordinata, wato kwamfuta.

"Karatun danne-danne? Me zai tsinana wa mutum?"

Ya dai bar ta ta tafi. Kullum kuma sai ya aika mata saƙon murya ta waya, rabi faɗa, rabi tambayar ko ta ci abinci.

Tana shekarar ƙarshe aka kira ta gida. Alhaji ya faɗi a tasha, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ta tarar da shi kwance yana nuni da hannun hagu, mahaifiyarta Tani tana ta kawo masa abin da ba shi yake nufi ba. Ya gaji ya juya fuska ga bango.

Rahinatu ta zauna ƙarƙashin mangwaron tsakar gida da ordinatarta. Ta bi tsoffin saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya tana yanko kalmomi: ruwa, alwala, zafi, Tani, a'a. Ta rubuta ƴar manhaja, ta sa kowace kalma ƙarƙashin babban hoto a fuskar waya.

"Baba, taɓa nan."

Ya taɓa hoton moɗa. Muryarsa ta cika ɗakin: "Ruwa!"

Tani ta saki tiren da ke hannunta, ta durƙusa tana kuka. Alhaji ya sake taɓawa, ya sake, gefen bakinsa mai motsi yana rawa.

Da wayar ya yi damina. Ya kori baƙin da suka daɗe, ya ƙi kunu, ya kira matarsa da sunanta. Sai wata ranar Juma'a ya kama hannun Rahinatu, ya bi hotunan duka da yatsa, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya dube ta, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ta.

"Ciwo ne, Baba? In kira likita?"

Ya taɓa: "A'a."

"Yamai? In koma?"

"A'a."

Ta ce ya yi haƙuri, za ta ƙaro kalmomi. Ta koma cikin saƙonnin tana tono duk abin da uba zai iya son faɗa wa ƴarsa. Ba ta gama ba ya rasu, ranar Lahadi da hantsi.

Bayan sadakar bakwai, wani manomin shinkafa mai suna Siddo ya zo daga Tunuga. Ya ce ya ji labari a kasuwa, tasa mahaifiyar ma bakinta ya mutu tun bara.

"Ƴata, ko za a yi mata irin na Alhaji?"

Rahinatu ta so ta ce ba za ta iya ba. Sai ta goge ido da gefen mayafi.

"Kuna da muryarta a waya, Baba Siddo?"

"Akwai wata waƙa da ta yi wa jikanta."

"Kawo in ji."