Jirgin da Ke Sauka Kusa da Turmi

Ina cikin takaba jirgin ya fara zuwa. Da hantsi ne, ina tsintar shinkafa, sai na ji ƙugi kamar na taron zuma. Kaji suka watse. Ya tsaya a sama daidai tsakar gida, sannan ya sauko a hankali kusa da turmi, ya yi tsit.

Na san shi. Ƙaramin jirgi ne marar matuƙi na jami'a a Wudil, wanda mijina, Malam Anas, yake tayarwa don ɗaukar hoton gonakin Darki, a gane inda tsutsa ta shiga masara. Da kansa yake bin hanyar da aka tsara masa. Tun da zazzaɓi ya yi ajalin mijina, abokan aikinsa ne suke tayar da shi.

Inna Hansai, surukata, ta fito tana salati.

"Ke Saudatu, wa ya kira wannan abin?"

"Wallahi Inna ban sani ba."

Da masu shi suka yi sallama a zaure, cikin tsumma Inna ta naɗe shi ta miƙa musu, don ta ƙi taɓa shi da hannu.

Ranar kasuwa ya sake zuwa. Ya kuma sakewa. Kullum wuri ɗaya, ba ya kuskure. Maƙwabta suka fara cewa marigayi bai kwanta ba, akwai abin da yake nema a wurina. Inna ta daina cin girkina. Ta ce in ya ƙara sauka, in tafi gidanmu a Utai in ƙarasa takabar can. Ni kuwa ba na son barin ɗakin nan, rigarsa ma tana nan a rataye bayan ƙofa.

Mutanen jami'a sun canza batir, sun canza farfela, abin bai bari ba. Maza ne, iyakarsu zaure, ba wanda ya ga inda yake sauka. Sai suka turo mace, Malama Maryam. Ta zauna a tabarma, ta gaishe da Inna, ta yi mana ta'aziyya, sannan ta ciro kwamfutar hannu ta nuna mana taswira.

"Kun ga layin nan? Daidai yake tafiya har bayan kukokin can. A nan yake daina jin mu. In hakan ta faru, an koya masa ya koma masaukin da aka ajiye masa. Duk mun ɗauka filinmu ne."

Ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ga rufin ɗakina, ga rumbu, ga jan ɗigo kusa da turmi.

"Malam Anas ya taɓa tayar da shi daga nan?"

Na sunkuyar da kai. Inna tana kallona.

"Ya taɓa," na ce. "Ran da Inna ta je suna. Na ce masa ban taɓa ganin tashinsa ba, tunda ba fita nake ba. Ya zana da'ira da ɗan yatsan ƙafa, ya ce, matsa baya, matsoraciya. Ya ce zai nuna masa gida, in ya ɓata ya san inda zai zo."

Inna ta share ido da gefen mayafi.

"Yaron nan da wasa," ta ce. "Goge ɗigon nan, 'yata, mu huta."

Malama Maryam ba ta goge ba. Ni ta duba.

"Ƙanwata, in na taɓa nan, ba zai sake zuwa ba. In taɓa?"

Ashe duk tsoron nan, jiran ƙugin nake yi kowace safiya. Amma in ya sake sauka, Utai zan tafi. Na ɗaga kai alamar to.

Ta ɗora yatsa. Ɗigon ya ɓace.

Ran nan Inna ta ci tuwona, har ta ce gishiri ya yi daidai. Ba a sake maganar Utai ba.

Yanzu jirgin can nesa yake wucewa, ya nufi Wudil. Ina share wurin kullum. Wani lokaci da hantsi kaji sukan watse haka kawai, in ji ƙugin daidai saman kaina. In ɗaga ido, babu komai.