Ragon Maitama da Angurya

Ni Maitama ba na zargin mutum haka kawai, sai na ga alama. Alamar kuwa ga ta: tumakina goma sha ɗaya sun shekara babu wadda ta ɗauki ciki, alhali ragon da na sayo a kasuwar Ɗanja, balami fari sol, yana tsakiyarsu kamar ango. Tumakin ƙanena Awaisu kuwa, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu a nan Ƙarfi, sai zuba 'yan biyu suke, da wani ƙanjamammen rago da ko kyauta ba zan karɓa ba.

Ragon nan ban rage shi da komai ba. Buhu-buhu nake ɗauko masa angurya daga Funtuwa, wato 'ya'yan auduga, safe angurya, yamma angurya. Tumakin dai harawa da dusa sun ishe su.

Sai na tuna ranar da na kawo shi. Awaisu ya shafa bayansa ya ce, "Yaya, wannan ai ya fi ƙarfin gidanmu." Bai ce tubarkalla ba. Wata rana kuma na tarar da shi a garkena yana barbaɗa wani abu a ruwansu, wai kanwa ce. Na ce a raina, biri ya yi kama da mutum.

Tun rasuwar mahaifinmu ba mu fasa ciyayya ba: kullum kwanon tuwo ya fito daga gidansa zuwa nawa, nawa ya tafi nasa. Na daina cin nasa. Sai in zaga bayan rumbu in juye wa kaji, in tsaya in ga ko za su mutu. Wata bakwai ina haka, kajin sai ƙiba suke. Duk da haka na ƙudura niyyar zuwa wurin mai unguwa a raba mana gonar gado, kowa tasa ta fisshe shi.

Ana nan 'yarsa Amatullahi, mai karatun likitan dabbobi a Zariya, ta zo hutu, ta shigo gaishe ni. Ta leƙa komin ragon.

"Baba, kullum haka yake cin angurya?"

"Ubanki ne ya aiko ki ƙididdiga?" na ce.

Ta yi murmushi, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da dutse, ta nuna mini wasu baƙaƙen ɗigo a cikin tsokar. Ta ce a nan auduga ke ajiye dafin da take kare kanta da shi daga ƙwari. Kaɗan ba ya cutar da babbar dabba, amma in ya yi yawa yakan raunana irin namiji, ga ƙiba ga ƙarfi, babu haihuwa. Wai a ƙasar Sin ma an taɓa yin ƙauyukan da haihuwa ta ɗauke shekaru, sai daga baya masana suka gano ɗanyen man angurya ne da suke girki da shi.

Ban yarda ba. 'Yar wanda ake zargi ce ta kawo shaida, har daga Sin. Amma ɗigon nan na gan su da idona, don haka na janye anguryar ban gaya wa kowa ba, na kuma ɗage maganar zuwa wurin mai unguwa.

Wata biyar bayan nan, tunkiya bakwai suka yi nauyi.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. A ranar, da kwanon ya zo na cinye tuwon tas, na ɗauke shi da kaina zuwa gidan Awaisu. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Yaya, yau kajin sun yi asara ke nan."

Na ajiye kwanon a gabansa.

"Mansura na hango ka ta kan katanga tun ranar farko," ya ce, yana nufin matarsa. "Ta yi kuka, ta ce ta daina aikowa. Na ce a'a, ki ci gaba, ki kuma riƙa sa man shanu yadda yake so. Yayana ne, wata rana zai ji yunwa."

Na zauna a gefen tabarmarsa, na kama masa ƙarshen igiyar.