Kira Biyu a Fadamar Kuranberi

Sau uku ke nan cikin shekara guda ciwon mafitsara yana kwantar da Piret, kuma a na ukun sai da ya haura har ƙoda. Likita ta faɗa wa mahaifinta Urmas cewa magani ne zai warkar da yarinyar, amma ruwan kuranberi, wasu jajayen 'ya'yan tsiro masu tsami da ke fitowa a fadama, yakan taimaka wa wasu kada ciwon ya riƙa dawowa. Urmas bai riƙe komai ba sai wannan magana ta ƙarshe. Na kanti kuwa bai yarda da shi ba, ya ce duk sukari ne.

Ranar Asabar da hantsi, bayan sanyin farko ya daskarar da ciyawa, ya ɗauko yayarsa Helgi a mota, don ita ta san wurin da mahaifiyarsu take tsinka tun suna yara. Gwiwarta ba ta barin ta shiga laka, sai ta zauna a kan kututture a bakin fadamar da kofinta.

"Ka miƙe har busasshiyar bishiyar can, kada ka wuce ta," in ji ta. "Ka riƙa kira ina amsawa. Ka ji ko, sarkin gaggawa?"

"Yaya, shekarata arba'in da bakwai fa."

"Shekarun ne suka ƙaru, kan yana nan yadda na san shi."

Ya shiga da bokitinsa. Gansakuka tana lotsawa ƙarƙashin takalman robarsa, tana tasowa a bayansa. Ya durƙusa yana tsintar jajayen 'ya'yan ɗaya-ɗaya, yatsunsa sun ƙage. Jifa-jifa yakan ɗaga kai ya yi kiran da kowane mai tsinka yake yi, "Uu-uu!" Helgi ta amsa daga baya.

Ya kai bishiyar, bokitin bai yi rabi ba. Rabi ba zai kai Piret ƙarshen hunturu ba. Yana wannan lissafi hazo ya sauko, fari fat, har bai iya ganin inda ya fito.

"Uu-uu!"

Aka amsa daga baya, can nesa. Sai kuma aka amsa daga gaba, kusa, da muryar Helgi sak.

Ya tsaya. Ya ce a ransa shi ne ya juya bai sani ba. Ta inda muryar kusa ta fito kuwa ƙasa ja take wur, 'ya'ya manya-manya, ba wanda ya taɓa su. Ya taka, ya tsinta, ya ƙara takawa. Bokiti ya fara nauyi. Muryar ta sake kira, a hankali, ba tare da ya kira ba. Ba tsuntsu, ba iska. Ƙasa ta yi rawa kamar fata a kan ruwa, sai ƙafarsa ta dama ta nutse har cinya, sanyi ya soke shi.

"Uu-uu," in ji muryar, taku biyar a gabansa. Babu kowa a wurin.

Daga can baya ya ji wata murya a dishe: "Urmas! Kai, kunnen ƙashi! Jakin banza, nan nake!"

Ya saki bokitin, ya kwanta rubda ciki, ya zare ƙafar ya bar takalmin a laka. Da rarrafe ya bi zagin nan har hannunsa ya taɓa busasshiyar ƙasa.

Helgi tana tsaye, fuskarta ba jini. Ba ta tambayi takalmi ba.

"Me ya sa kika daina kiran?" ya tambaya.

"Na ji wata tana amsa maka da irin muryata."

Suka shiga mota. Ya laluba aljihun rigarsa, ya sami cikin tafi ɗaya na kuranberi, rabinsu a murje. Ya daɗe yana kallon hazon.

"Bokitin ya kusa cika, Yaya. In rana ta fito gobe..."

"Piret uba take so ko ruwan tsami?" Helgi ta ce. "Akwai daskararru a kantin gari, ba sukari ko ɗigo. Tayar da mota."

Ya tayar. Har suka hau kwalta bai sauke gilashi ba, bai kuma dubi madubi ba.